Kira Uku a Baƙin Gurbi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar kwarinmu kafin a zuba mata kwalta ya san Errol Strang, ko da bai san sunansa ba. Shi ne direban gireda. Shekara talatin da huɗu yana baje tsakuwa daga wajen Lumsden har inda hanya ta ƙare a gindin duwatsu, ya juyo, ya sake komawa. Dogo ne siriri mai manyan kunnuwa, kuma in zai gaishe ka ba ya ɗaga hannu, yatsa ɗaya yake ɗagawa daga kan sitiyari. Ni Baba Errol nake ce masa tun ina rarrafe, don aminin mahaifina ne.

Uwarsa kuku ce a wata babbar gonar tumaki can sama, ubansa kuwa bai taɓa ganinsa ba. A bayan kicin ya tashi, kogi na gudu a ƙofar gida. Yana ɗan shekara tara wani tsohon makiyayi ya ba shi karyayyiyar sandar fatsa ta gora, ya ɗaure ta da zare ya shafa mata danƙo, daga nan ba a sake samun kansa ba. Ya yi aure sau ɗaya. Matar ta yi hunturu biyu a kwarin, ta ce ba za ta iya zama da mutumin da ya fi yi wa kifi magana a kanta ba, ta koma Dunedin. Bai sake nema ba.

Tirawut, kifin koginmu, ba a zama a jira shi. Ruwan garau yake har kana iya ƙirga duwatsun ƙasa, kifin kuma yana ganinka tun kafin ka gan shi. Da ido ake nemansa, a jefa masa ƙudan ƙarya wanda aka ɗaura da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya. Shi ya sa aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya hau gaɓa ya kwanta rub da ciki yana kallo, ɗaya ya shiga ruwa ta bayan kifin ya yi jifa. Da kifi ya taso ya rufe baki a kan ƙudan, sai na sama ya yi ihu, "Ɗaga!" In ka yi sauri ka fizge daga bakinsa, in ka yi jinkiri ya tofar.

Mahaifina, Hector Gillies, shi ne idon. Makiyayi ne, gajere, ya saba hango tunkiya ɗaya a kan tsauni mil biyu, amma in ka ba shi sanda sai ya maƙale ƙugiya a ƙaya ko a hularsa. Baba Errol shi ne hannun. Yana iya ajiye ƙuda a kan ruwa kamar iska ce ta kawo shi, amma kifi zai iya kwanciya a gaban takalminsa bai gani ba. Shekara kusan talatin suna haka, duk Asabar daga buɗe kamun kifi a Nuwamba har ƙarshen Afrilu. Na bi su sau da yawa ina yarinya, kuma ban taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi ba.

"Hagu, makaho! Hagu na ce!" in ji Babana daga sama.

"Hagunka ko hagun mutane?"

"Taku biyu gaban farin dutsen nan. Kai, wannan jifa ne ko shanyar wanki?"

"To sauko ka yi mana, sarkin maharba. In ce ko makon jiya kunnenka ka kama?"

"Yi shiru, ga shi nan ya taso... bari... bari... Ɗaga!"

Sai ka ji kwarkwaron zare ya ɗauki ƙara, kifi ya yi tsalle sama, Babana yana birgima a ciyawa yana ihu kamar shi ya kama. Da rana su hura wuta a kan tsakuwa, su dafa shayi a baƙin gwangwani, su ci burodi da naman tunkiya mai sanyi, kowa yana cewa ba don shi ba da an koma gida hannu rabbana. Kifi ɗaya suke kashewa, su kawo wa mahaifiyata, Noeline. Sauran su saki.

A watan Fabrairu na 1997 suka tafi can sama, tafiyar awa uku a ƙafa daga inda ake ajiye mota. Lokacin gyare ne, lokacin da manyan kifaye ke barin ƙarƙashin duwatsu su taso suna cin waɗanda iska ta jefo cikin ruwa. Ina Timaru a lokacin ina koyarwa. Da la'asar aka kira ni ofishin shugaban makaranta, aka miƙo mini waya.

Abin da Baba Errol ya faɗa wa kowa shi ne, suna Baƙin Gurbi, wani wuri mai zurfi a kogin da ke ƙarƙashin wani dogon dutse, sai ya ji Babana ya yi shiru. Ya hau ya same shi kwance a ciyawa, hula a fuska kamar mai barci, rai ya riga ya fita. Likita ya ce zuciya ce. Baba Errol ya goya shi a baya ya sauko da shi har bukkar makiyaya, tafiyar awa guda, don kada ya bar shi a fili, sannan ya gangaro ya nemi mutane. A wurin jana'iza kowa sai yabonsa yake. Tsofaffi suna kama hannunsa suna cewa, "Ka yi abota, Errol. Allah ya ba kowa irinka." Shi kuwa yana tsaye cikin kwat ɗin da ta yi masa gajarta, yana kallon ƙasa. Bai shigo gida shan shayi ba.

Daga ranar bai sake taka ƙofar gidanmu ba. Duk kaka sai Mama ta tashi ta tarar da itace a fashe an jera a bakin shinge. In dusar ƙanƙara ta rufe hanya, tamu ce ake fara buɗewa. Amma in ta fito tana kiransa ya shigo, sai ya ɗaga yatsan nan nasa ya ja mota. Muka ce baƙin ciki ne, kowa da yadda yake ɗaukar nasa.

Kogin kuwa bai bari ba. Ya ci gaba da zuwa shi kaɗai, kuma abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne yana kamawa. Mutumin da ba ya ganin kifi, ga shi ba mai duba masa. Wani maƙwabcinmu da ke tattaro tumaki daga tsauni ya ce ya taɓa tsayawa yana kallonsa daga nesa. Ya ce Errol zai tsaya a ruwa, ya karkatar da kai kamar mai sauraro, ya matsa hagu, ya yi jifa, ya ɗaga. In ya saki kifin sai ya juya ya daɗe yana kallon gaɓa, inda babu kowa sai ciyawa. Maƙwabcin ya ce karnukansa uku duk suka kwanta suka ƙi gaba, sai da ya zagaya ta wata hanya. Aka yi ta maganar a shago kwana biyu, aka bari.

Shekara goma sha biyu bayan rasuwar Babana Mama ta faɗi ta karya ƙugu, na ajiye aiki na dawo gida. Lokacin Baba Errol ya haura saba'in, ya bar gireda, idanunsa kuma sun fara mutuwa daga tsakiya. Yana ganin gefe-gefe, amma abin da ya sa a gaba sai ya zama duhu. An karɓe masa lasisin tuƙi. Duk da haka mai kai wasiƙu ya gaya mana yana tsintarsa a hanya da sandarsa, yana takawa zuwa kogi.

"Glenys," in ji Mama wata safiya, "ki ɗauki mota ki kai mutumin nan. In ba haka ba wata rana a bakin teku za a tsinto shi."

"Mama, mutumin da ko gaisuwa ba ya tsayawa?"

"Ba gaisuwa na aike ki ba."

Na same shi a rumfar bayan gidansa yana ɗaura ƙuda da lalube, gashin zomo da na zakara a baje a kan benci. Na ce, "Baba, na zo neman aiki. An ce kana neman ido."

Ya juyo da gefen fuskarsa don ya gan ni. "Wa ya ce?"

"Duk kwarin."

"Kin iya kwanciya a ƙaya awa guda ƙudajen nan masu cizo suna cin ki ba ki motsa ba?"

"'Yar wa ce ni?"

Ya ajiye ƙudan da ke hannunsa. Can ya ce, "Ki sa riga mai duhu. Ubanki ya taɓa zuwa da jar riga, kifin kogin nan kaf suka yi hijira."

Asabar ɗin farko na hau gaɓa na kwanta. Na fi minti ashirin ban ga komai ba sai duwatsu, sannan wani dutse ya motsa wutsiya. Na ce, "Baba, ga shi! Gaban reshen nan, kamar taku uku." Ya saki zare, ya kaɗa shi a iska sau biyu, ƙudan ya sauka. Na ga kifin ya taso a hankali, na ga farin bakinsa ya buɗe. Sai harshena ya ƙulle don zumuɗi. Ban ce komai ba. Amma daidai lokacin da bakin ya rufe, sandar ta tashi, zare ya miƙe.

Da ya saki kifin na sauko na ce, "Ashe kana gani, kake wahalar da mutane."

"Ban ga komai ba."

"To ya aka yi ka ɗaga?"

"Ba ke kika ce in ɗaga ba?" Ya faɗa yana wanke hannu, bai juyo ba.

"Ni ban ce ba."

"To," in ji shi.

Haka muka yi shekarar nan. Na koyi aikin, na iya kira a kan lokaci, amma sau da yawa kafin kalmar ta fita daga bakina ya riga ya ɗaga. Na gaya wa kaina cewa mutumin da ya yi shekara sittin a ruwa yana jin abu a hannunsa, ko yana jin ɗan sautin da kifi ke yi in ya tsotsi ƙuda. Wataƙila haka ne. Sai dai akwai ranar da na ce masa kifin yana dama, ya tsaya ya karkatar da kai, ya ce a hankali, ba da ni yake ba, "Na ji, na ji." Ya jefa hagu. Can kuwa akwai wani wanda ya ninka nawa, kwance a inuwar dutse, ban gan shi ba sam. Rana tsaka ce, ana zafi, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Na waiwaya bayana. Jar ciyawa ce kawai tana kaɗawa har gindin tsauni.

Ko'ina muna zuwa, ban da can sama. In na ambaci Baƙin Gurbi sai ya ce gwiwarsa ba za ta kai ba. A shekara ta biyu, cikin Fabrairu, gyare na ta kuka har kunne na zafi, na je ɗaukarsa sai na tarar ya ɗaure jaka da abinci.

"Yau sama za mu," ya ce.

Awa huɗu muka yi. A wurin ƙetare ruwa sai mu saƙala hannu, in riƙa gaya masa inda zai sa ƙafa. Ban taɓa zuwa wurin ba tun rasuwar. Kogin yana fitowa daga cikin daji ya bugi dutsen, ya juya, ya kwanta baƙi ƙirin, ga shi da zurfi. Na hango kifi biyu tun daga nesa. Na juya zan hau gaɓa, ya riƙe mini hannun riga.

"Kar ki hau. Zauna nan."

Muka zauna a kan tsakuwa. Bai ko haɗa sandar ba, ya ɗora ta a cinya.

"Abin da na gaya muku ba haka aka yi ba," ya ce.

Na juyo na dube shi.

"Akwai wani kifi a nan, shekara uku muna binsa. Ran nan ya ɗauka. Ubanki ya ce ɗaga, na ɗaga, ya kamu. Ban taɓa riƙe irinsa ba, Glenys, kafin nan ko bayan nan. Ya ja ni ƙasa har wancan dutsen. Ina cikin fama da shi na ji Hector ya kira ni. Errol. Na ɗauka surutunsa ne na kullum, na ce, rufe mana baki, na san abin da nake yi."

Ya shafa sandar da babban yatsa.

"Ya sake kira. Wannan karon na ji muryar ba daidai take ba. Na ji. Ba zan ce ban ji ba. Na ce a raina, minti biyu, in sa shi cikin komar kifi in hau. Minti biyu kawai. Sai ya yi na uku. Na ukun ba sunana ba ne, magana ce ya yi, doguwa. Ina tsakiyar ruwa mai gudu, ƙarar ta cinye ta. Ban kama ko kalma ɗaya ba."

"Minti nawa?" na ce.

"Na duba agogo da na hau. Ya fi rabin awa."

"Ka kama shi?"

"Na kama shi. Na ɗaga shi sama ina ihu, Hector, duba! Hector!" Ya juya fuska wajen dutsen. "Ubanki ba a kwance yake kamar mai barci ba. Ya ja jiki har bakin dutsen, hannunsa ɗaya na lilo. Ni na gyara shi. Ni na sa masa hular."

Na miƙe. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Shekara goma sha huɗu kana kawo mana itace." Na ɗauki jakata na kama hanya.

Na bar tsoho mai shekara saba'in da uku, wanda ba ya ganin gabansa, a wurin da sai an ƙetare ruwa sau biyar kafin a kai mota. Na san haka sarai. Na shiga daji ina tafiya da sauri, rassa na dukan fuskata. Na yi nisa sai na ji shi daga baya, can ƙasa-ƙasa cikin ƙarar ruwa.

"Glenys!"

Ban tsaya ba. Ya sake kira, na ƙara sauri. Na kai mashigin farko, na sa ƙafa ɗaya a ruwa, na tsaya ina jiran na ukun. Bai zo ba. Na tsaya, na tsaya, ba komai sai gyare da kogi. Sai tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na juya da gudu, ina faɗuwa ina tashi.

Yana nan inda na bar shi. Ya haɗa 'yan itatuwa da lalube yana ƙoƙarin kunna ashana.

"Me ya sa ka daina kira?" na daka masa tsawa.

"Na ga ba ni da bakin kiranki," ya ce.

Na karɓi ashanar na hura wutar. Muka sha shayi. Sai da muka kusa tashi ya ce, "Tun daga ranar nake jinsa. Duk sanda na shiga ruwa. Hagu, dama, bari, ɗaga. Muryarsa sak, har da zagin. Kin ɗauka son kifi ne ke kawo ni? Na daina son kifi tun ran nan. Zuwa nake ko zai maimaita abin da ya faɗa na ukun. Ban sani ba ko saƙo ne ya ba ni wurin uwarki, ko wurinki. Ko tsine mini ya yi. Ko cewa ya yi in bi a hankali kada zaren ya tsinke, don zai iya. Shekara goma sha huɗu ina saurare. Komai yana faɗa, ban da wannan."

Muka sauko hannu a saƙale, don ba yadda za a yi a ƙetare ruwan sai haka.

Kwana uku ina juya maganar kafin na gaya wa Mama. Tana zaune a kicin tana feraye dankali, sandar tafiyarta jingine da tebur. Ta saurara har na gama, wuƙar ba ta tsaya ba.

"Na sani," ta ce.

"Kin san me?"

"Ban san kira nawa ba ne. Amma ni na wanke kayan ubanki. Gaban rigarsa duk ƙasa ne da koren ciyawa, maɓalli biyu sun tsinke, farcensa cike da laka. Mai barci ba ya haka. Kuma ubanki bai taɓa rufe fuska da hula ba, cewa yake tana wari."

"Ba ki taɓa tambayarsa ba?"

"In tambaye shi ya ce me? Na tambayi likita. Ya ce ko a ƙofar asibiti abin ya same shi, da wuya. Can sama kuwa ko Errol ya tashi sama kamar tsuntsu ba abin da zai iya." Ta ajiye wuƙar. "Ba wannan ke hana ni barci ba. Ya tafi shi kaɗai, yana kallon bayan mutum. Shi ke nan. Na yi shekara biyar ko itacen nan ba na son taɓawa, sai dai sanyi ya sa ni." Ta share ido da bayan hannu. "Ki je ki ce masa ran Lahadi akwai gasasshen rago. In ya ɗaga miki yatsan nan, ki karya shi."

Ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu har sai da Mama ta ce, "Errol, kana shigo mana da sanyi." Ya zauna a gefen tebur, ba a kujerar Babana ba. Ya buɗe baki zai fara, ta ce, "Na ji. Ci abinci." Daga nan duk Lahadi yana wurinmu. Ba su taɓa tayar da maganar a gabana ba, ko da yake wata rana na shigo daga lambu na same su zaune, idanun kowa ja.

Na ɗauka abin ya zo ƙarshe ke nan, tsoho ya sauke kayansa. Da aka buɗe kamun kifi a Nuwamba na kai shi wani gurbi mai sauƙi kusa da hanya. Na hau gaɓa, na ga kifi, na gaya masa. Jifarsa tana nan yadda take. Kifin ya taso ya ɗauka, na ce, "Ɗaga!" Bai ɗaga ba. Yana tsaye, kai a karkace. Kifin ya tofar ya nutse.

"Baba, na ce ɗaga!"

"Na ji ki."

Muka gwada wani, haka. Na uku ma haka. Ya daɗe tsaye a ruwa har gwiwa, zaren yana jan kansa ƙasa, sannan ya naɗe shi ya fito. Na riƙo shi ya zauna a kan dutse.

"Ya tafi," ya ce. "Ba kowa a wurin. Tun da na faɗa miki ban sake jinsa ba. Na ɗauka don an rufe kamun kifi ne." Ya juya gefen idonsa wajen gaɓa, inda na taso. "Da ko zagin ne ya bar mini."

Mun sake komawa sau biyu a shekarar, saboda nacina. Ran ƙarshe ko sandar bai fitar daga mota ba. Ya zauna a bakin ruwa tun hantsi har azahar yana saurare, sannan ya ce mu tafi gida.

Bayan shekara biyu ya faɗi a rumfarsa, aka kai shi gidan kula da tsofaffi a Gore. Ina zuwa duk Laraba, in Mama na da ƙarfi mu je tare. Ma'aikatan suna sonsa, ba ya ƙorafi, sai dai sun ce ba ya yarda a kunna rediyo a ɗakinsa, kuma in ana hira a baranda yakan ɗaga hannu ya ce a ɗan yi shiru. Su yi shiru, ya saurara, sannan ya ce, "Ku ci gaba." Sun ɗauka rikicin tsufa ne. Ban gyara musu ba.

Ya rasu a watan Yuli na 2014, tsakiyar hunturu, da safe bayan an ba shi shayi. Ya bar wasiyya a binne shi a maƙabartar kwarinmu amma can ƙarshen shinge, nesa da Babana. Mama ta karanta takardar sau biyu, ta ninke ta, ta sa a aljihun rigar sanyinta. Ta gaya wa masu haƙa su haƙa a layi ɗaya da mijinta, su bar wuri ɗaya a tsakani. Ƙasa ta daskare ranar, sai da aka kawo injin haƙa daga gonar maƙwabta. Mu goma sha ɗaya ne a bakin kabarin. Ita ma tana can yanzu, a tsakiyarsu.